Jan Latas

A gefen kududdufin da masu haƙar kuza suka bari,
can bayan Bukuru,
nake da fili, bai kai rabin kadada ba.
Ruwan kore shar, ko kwaɗo ba ya kuka a ciki,
da shi nake ban-ruwa, don ba ni da wani.

Daren Talata sanyi ya gangaro daga duwatsu,
da safe rana ta fito kamar mai bin bashi.
Kafin kwana uku latas ɗina ya rine ja.
Na ce shi ke nan, kuɗin taki sun bi ruwa.

Kaneng, 'yar maƙwabcina mai karatu a jami'a,
ta tsuguna, ta juya ganye ɗaya da yatsa.
Ta ce, "Baba Barau, ba ciwo ba ne, laima ya buɗe.
Iskar nan da muke shaƙa,
ita ke cin kwanon rufinka har ya huje,
ita ke baƙanta gauta in ka yanka ka ajiye.
Sanyi ya ɗaure wa ganye hannu,
rana kuma ba ta fasa zuba ba,
abin da ya kasa ci sai ya zama tartsatsi a cikinsa."

Na ce, "To me ya hana shi ƙonewa?"

Ta ce, "Masu kashe gobara gare shi, ido ba ya ganinsu.
Wannan ya cafe tartsatsi ya miƙa wa wancan,
wancan ya mai da shi ruwa.
Har tsamin nan na lemo yana cikin masu ɗaukar bokiti,
ya ƙare, a sake cika shi, ya koma."

Shekara talatin ina noma,
ban san ana wannan ɗauki-ba-daɗi a gabana ba,
ba ihu, ba hayaƙi.
Ni in wuri ya yi zafi, inuwa nake nema.
Shi inda aka dasa shi, nan zai ƙare rigimarsa.

A Farin Gada dillali ya yamutsa fuska,
wai kore ake so.
Ya zabtare mini kashi ɗaya cikin uku.
Ban yi musu ba.

A motar dawowa na tsinci ganye ɗaya a gindin kwando,
na kakkaɓe, na tauna.
Da ɗan ɗaci.
Na haɗiye.