Murfin da Ban Murɗa Ba

Juma'a ce, ladanin Samaru ya fara kira,
na ɗora murfi kan kwalba, ban murɗa ba.
Aidin ɗin da na haɗa da safe,
mai launin shayin da aka manta a kan wuta,
na bar shi bisa benci, gefen taga.

Litinin na dawo.
Ruwa yana inda na bar shi, bai sauka ko kaurin farce ba,
sai dai ya koɗe kamar zanen da ya sha rana,
takardar da na liƙa a wuyan kwalba ta yi rawaya.

Sau uku na auna.
Na zuba sitaci, ya yi shuɗi,
na ɗiga, na ɗiga, shuɗin ya gudu tun lokacinsa bai yi ba.
Lissafi ya ƙi ni.
Na zargi ma'auni, na zargi gilashi,
har na zargi Lantana mai shara.

Baba Iliya, shekara talatin da ɗaya yana wanke kwalaben ɗakin nan,
ya ɗauka, ya shinshina, ya ɗaga ta ga haske.
Ya ce, "Yaro, ba ɓarawo.
In ka bar ruwan gishiri, ruwa ke tafiya ya bar gishiri.
Wannan shi ke tafiya ya bar maka ruwa,
kuma ba ya sallama.
Ƙara masa ɗan'uwansa, farin ayodaid, ya riƙe masa riga.
Baƙar kwalba, duhun kabad, wuri mai sanyi.
Duk da haka zai riƙa zarewa kaɗan-kaɗan,
don haka auna shi ranar da za ka yi aiki da shi."

Bara na je gaishe shi a Wusasa.
Yana zaune gindin mangwaro, jikin nan dai,
hannuwan nan masu tabon asid.
Ya dube ni, ya daɗe yana duba,
ya nemi sunana bai samu ba.
'Yarsa Saratu ta ce ba wanda ya ga ranar da abin ya fara.

Na hau a-daidaita ta Kwangila, ban sauka gida ba,
na wuce ɗakin gwaji, na kunna fitila,
na bi kwalabe ɗaya-ɗaya
ina murɗa murafan da ke murɗe.