Tawadar Yatsan Baba

Huɗu da rabi, ladanin Agege bai ko gyara murya ba,
na riga na ɗaure takalmi.
Lantana ta miƙo filas ɗin koko, idonta a rufe,
ta ce, "Littafinka na ƙarƙashin Asabe."
Da shi ta yi matashi.
Na zare shi kamar mai cire ƙaya,
dokar kwangila, shafi ɗari shida, yawun barci a bangonsa.

A danfo nake bita.
Gwiwa ce teburina, hasken kuwa na wayar maƙwabci.
Kwandasta na ihun Oshodi, ni ina nawa a zuci:
tayi, amincewa, abin musaya.
Wata uwa ta aza mini buhun barkono a cinya,
na yi atishawa a kan sashe na sha biyu.

Apapa. Daga takwas zuwa biyar ni ɗan ƙirga ne,
kwantena ta shiga, kwantena ta fita,
in buga hatimi, in ce na gaba.
Oga Balogun kan kira ni "Lauya"
in yana so ofis ya yi dariya.
Nakan amsa. Suna ne ai,
ragon ne kawai ba a yanka ba tukuna.

Biyar na cika in tsere.
Gosulo ya riƙe ni, na yi magariba a kan kwali bakin titi,
na shiga aji malam ya ci rabi.
Mu arba'in ne, kowa da warin aikinsa,
Nkechi da na asibiti, Kofur Isiyaku da na rana,
ni da na dizal da gishirin teku.
Janareta ya yi tari ya mutu.
Malam bai tsaya ba, ya ci gaba da dokar filaye cikin duhu,
muna rubutu a kan rubutu.

Sukan ce, me ya kai ka, kai da ke da albashi?
Ba amsar cikin mota ba ce.
Shekarata sha ɗaya a Alaba Rago
ranar da wani mai kwat ya shimfiɗa wa Baba takarda
a kan buhun albasa.
Baba da ke lissafin tirela uku da ka,
Baba da ya sauke yana ɗan sha huɗu,
wannan baƙin bai san shi ba.
Ya dangwala babban yatsa.
Wata biyu, aka sa wa rumfar kwaɗo.
Tawadar ta bar yatsansa a kwana uku.
Nawa ta koma, har yau ba ta fita ba.

Ban ce ba na gajiya ba.
Bara na faɗi dokar shaida, saura maki biyu.
Aka binne kawu a Gumel ina ɗakin jarrabawa.
Asabe ta fara taku, a waya na gani.
Kuɗin zango ya cinye firjin Lantana sau biyu,
ba ta ce uffan ba, da ma ta yi faɗa.
Wani dare na ƙirga abin da ya saura,
shekara uku, ga wata bayansu,
na jefa littafin bayan katifa, na ce na bari.
Da asuba na ji jakata da nauyi.

Sha ɗaya da kwata na iso unguwa.
Barau mai gadi na jirana da takardar mai gida.
"Lauya, duba mini."
Na ce ban zama ba tukuna.
Ya ce, "Ai kana ganin abin da ke ciki."
Muka tsuguna a fitilar mai shayi,
na bi ta layi-layi, ina mayar masa da Hausa.
A layi na tara na tsaya.
Na ce kada ka sa hannu sai an cire wannan.
Ya naɗe ta huɗu, ya cusa a hula,
ya ce a soya mini ƙwai ɗaya, a haɗa shayi mai kauri.

Kuɗin aikina na farko ke nan.
Na sha da zafinsa, a tsaye.
Saura awa biyar agogo ya kaɗa.