Bencin Tasi'u

Shekara goma sha tara ina koyar da aikin kafinta
a gidan gyaran hali na Barnawa.
Na san muryar ƙofar ƙarfen nan:
in fita ce, shiru take buɗewa,
in dawowa ce, sai ta yi kuka.

Ran Laraba ta yi kuka.
Tasi'u ne. Wata goma sha ɗaya cif.
Ya ƙara tsawo, gemu ya fara tsiro,
takalmin da na saya masa a Kasuwar Barci
yana ƙafarsa, maɗauri ɗaya ya tsinke.

Shi ne yaron da ke shafa katako da bayan hannu
ya faɗa maka inda zai tsage.
Bencin da nake zama a kai aikinsa ne,
ko girgiɗi ba ya yi.
Ni na sa hannu a takardarsa: ya natsu, ya iya sana'a.
Ban yi ƙarya ba.
Amma shekara biyu muna tare
ban taɓa tambayarsa abin da ya kawo shi ba.
Kunya ta kama min baki, na ce aikin wasu ne,
wasun kuwa ofishinsu a kulle,
gizo-gizo ya yi saƙa a kwaɗo.
Na koya masa awo, na koya masa gam da ƙusa.
Fenti na yi wa ƙofa, gara na ci a ciki.

An ce duk Rigasa ba shagon da ya karɓe shi.
An ce kawunsa ya ba shi ɗakin zaure
a gidan haya cike da yara,
bai gaya wa kowa ba, wai rufin asiri.
Asirin wa?

Akwai yarinya. Ban san sunanta ba.
Akwai ta farko ma, wadda ta daina zuwa makaranta.
Su ba su da malamin kafinta,
ba wanda ya saya musu takalmi.
Duk sanda tausayinsa ya taso min
sai in ji su biyun tsaye a bayana.

Abokan aiki na cewa hali zanen dutse.
Sai in tuna Ishaya, laifinsu ɗaya,
shekara takwas yana ƙera gadaje a Kakuri,
bai dawo ba. Haladu ma bai dawo ba.
Ishaya ya ce min kakarsa ce:
kowane dare ta zaunar da shi,
ta kira abin da sunansa,
har ya iya furta shi da bakinsa.

Jiya Tasi'u ya shigo, ya miƙa hannu ga zarto.
Na riƙe zarton.
Na ce, zauna nan, kan bencinka,
faɗa min abin da ka yi mata.
Ya dubi ƙasa. Ruwa na dukan kwano.
Har aka kira la'asar bai ce uffan ba,
ni ma ban tashi ba.