Ƙusar Baba Tankari

Shekara goma sha ɗaya na yi a Abijan,
ina tallar agogo da tabarau a bakin titi,
ina cin garin rogo, ina ɗora jika kan jika,
don wata rana in ce: ga ƙofata a Tawa.

Dillali ya kai ni Geben Zogi da hantsi.
Gida shuɗi, sai ka ce da sama aka wanke shi,
karo a daɓe, ƙyauren ƙarfe mai zanen tauraro,
ɗan dogon yaro a tsakar gida yana kaɗa kai.
Ya ce, "Mutum uku na bayanka.
In ka kwana, ka kwana a haya."
Hannuna har ya kai aljihu.

Iyata ta ce, "Arzika, dakata.
Ko tukunyar dala ashirin sai an ƙwanƙwasa ta.
Je ka ɗauko Tankari."

Baba Tankari, maginin da gwiwa ta raba da tsani,
bai zo da igiyar awo ba, bai zo da takarda ba,
ƙusa ɗaya ce a hannunsa, mai tsatsa, tsawon yatsa.
Bai kalli fenti ba.
Ya durƙusa gindin bango kamar mai gaida surukai,
ya buga: ƙwas.
Ya matsa: ƙwas.
Ya matsa: bum.
Ya ce, "Saurara. Wannan bango da yunwa ya tashi,
an yi masa rowar siminti tun yana bulo."
Ya soka ƙusa, yashi ya zubo
kamar gero daga taikin da ɓera ya kwana ciki.

Ya sa na hau tebur na ɗaga rufi.
Ashe gara ta riga ni sayen gidan,
ta cinye katako, ta bar masa riga.

Ya zuba bokitin ruwa a tsakar gida, muka tsaya.
Ruwan bai nemi ƙofar waje ba,
ɗakin kwana ya nufa,
tafiyar wanda ya san hanya.

Ya ƙirga taku daga salga zuwa madafa: huɗu.
Ya buɗe akwatin kuran, ya rufe, ya yi salati.
Dillali na can gefe
yana amsa wayar da ba ta yi ƙara ba.

Sai tsoho ya fita,
ya sayi fanke na dala biyar wajen maƙwabciya,
ya zauna yana ci kamar ya manta da ni.
"Inna, bara ina ruwa ya tsaya?"
Ta ajiye tsinke, ta dafa ƙugunta.
"Nan. Kuma magada bakwai ne,
biyu suna Libiya, ba su ma san ana ciniki ba."

Kwana uku ban gaishe shi ba.
Wa ke gode wa wanda ya tashe shi
tsakiyar mafarki mai daɗi?

Wanda muka saya a Wadata ba ya ɗaukar ido.
Launin ƙasa, ƙofa na kuka, tagar gabas ƙarama.
Amma da ƙusa ta taɓa bangonsa
ita ce ta lanƙwashe.
Tankari ya yi dariya, ya miƙo mini ita.

Ran da aka kwana ana ruwa cikin Agusta
na bi ta Geben Zogi da safe.
Shuɗin ya kumbura, ya faɗi ɓawo-ɓawo.
Wani malamin makaranta na fitowa da katifa a ka,
ƴarsa na tsamo littattafai ɗaya ɗaya
tana shanyawa kan katangar da ta rage.
Na tuɓe takalmi, na kama masa ƙafar gado.
Ya ce, "Ka san gidan nan?"
Na ce, "Na taɓa son sa."

Ƙusar na nan bisa tagata, a lanƙwashe.
In ka tashi sayen gida, biyo ka ara.