Tukunya Mai Numfashi

Dare uku Mutari na farkawa da haɓo,
jini a matashi, jini a wuyan riga.
Matar farmasi ta leƙa hancinsa ta ce:
iskar ɗakinku ce ta bushe ƙamas,
ku nemo na'urar nan mai hura raɓa.

Na shiga Kasuwar Dole da jaka goma sha biyar.
Kyari ya jera mini uku bisa tebur.
Ta farko na ƙyalli, ja da kore da shuɗi,
na ce ba gidan biki zan kai ta ba.
Ta biyu na gurnani kamar injin niƙa,
wa zai runtsa kusa da ita?
Ta ukun fara ce, gajera, mai faɗin baki,
na zura hannu ya taɓo gindinta.
Abin da hannu ya shiga, shi ke wankuwa.
Na biya sha biyu,
Kyari na rantsuwa faɗuwa ya yi.

Iya Gambo ta dube ta, ta dube ni.
"A Damagaram?
Garin da ake sammakon jera bido a pampo?
Ruwan da Ilu ke turo mana a kura,
muna ƙirga shi kamar kuɗin adashe,
shi za ka ba iska ta sha?
Yaushe iska ta taɓa cewa an gode?"

Na yi shiru. Na ɗora ta bisa kujera,
kamu uku daga kan yaron,
na danna.
Farin huci ya fito, siriri, mai sanyi,
hayaƙin da ba shi da uwa a murhu.

Daren farko na yi zari.
Na ƙure ta, na rufe ƙofa da taga.
Da safe littafin lissafin Mutari ya yamutse,
sukari ya dunƙule a gwangwani,
ashana ta ƙi kamawa, Iya na dariya har da tafi.
Tun ran nan kaɗan nake murɗawa,
in bar ƙofa a sakaye.

Sai kuma na yi lalaci.
Ruwa ya kwana uku a cikinta,
ta fara warin tafki a ƙarshen rani,
wani fari-fari kamar kanwa ya kama bakinta,
ya sauka har bisa rediyo.
Ashe ita ma ciki ne da ita,
abin da ka ba ta shi za ta mayar maka a hanci.
Yanzu kowace safiya in juye saura a gindin zogale,
kada Iya ta ce an yi asara,
in kife ta ta sha iska,
da magariba in zuba tafasasshe da ya huce.

Ranar da aka ɗauke kuran tun la'asar
tukunyata ta yi shiru kamar baƙuwa.
Iya ta tsoma tsohon zane a bokiti,
ta matse, ta rataya a taga,
ta sa muka jawo randa zuwa kusurwa,
ta yayyafa wa daɓe ruwa da yatsu biyar.
Ɗaki ya yi ƙamshin ƙasa.
"Mun girmi tukunyarka," in ji ta.

Jiya na dawo daga shago da wuri,
na iske ta a tsakar gida,
na'urar tsakanin ƙafafunta,
rabin lemun tsami a hannu, tsohon buroshi a ɗayan.
Ko kai ba ta ɗaga ba.
"Ba ka iya wanki ba.
Dubi abin da ka bar mata a kunne."

Matashin Mutari fari tas, mako shida ke nan.
Ya ce hucin yana kama da gemun kakansa.
Da hadari ya fara haɗuwa a gabas
zan shanya ta, in mayar da ita kwalinta,
in Iya ta yarda a taɓa.