Ɗorin Keke a Aliero

Garinmu na masu ɗori ne,
kowa ya karye nan ake kawo shi.
Ni kuwa keke na turo wa Arzika,
buhun albasa a kan kariya,
sarƙa na jan ƙasa.

Na ce, "Giya ta ƙi shiga.
In na nemi ta uku sai ta tsallake,
ƙaras-ƙaras, kamar akuya ta sami ƙwallon goruba."

Bai tanka ba.
Ya kifa shi, tayoyi sama,
ya juya feda da hannu,
ya kasa kunne kamar mai satar jin hirar maƙwabta.

"Waya lafiya lau. Ina ka faɗi?"
Na ce ban faɗi ba.
Ya nuna mini ɗan ƙarfen da ke riƙe da giya,
ya karkace ciki kamar targaɗe.
Sai na tuna kwalbatin hanyar Jega.

Ya miƙar da shi da sifana, sannu-sannu;
ba a yi wa ƙashi gaggawa, ko na ƙarfe ne.
Kananzir ya wanke firiwil,
sai ga haƙora uku sun yi tsini
kamar ƙayar aduwa.
"Sarƙa ta saki, ita ke cin su.
Sabuwa a kan tsoffin haƙora asara ce."

Kuɗin aljihuna bai kai ba.
Ya cike da kwano biyu daga buhu.

Da na hau, giya ta shiga shiru,
sai ƙuguna ya fara nasa ƙarar.
Ya ce, "Wannan kuma, sai gida na gaba."