Sikelin Mai Hatsi

Ni tela ne a Ƙofar Marusa,
Zaren awo a wuyana tun ina ɗan sha shida.
Na san ƙugun liman, na san kafaɗar mai gadi,
Nawa jikin kaɗai na ƙi aunawa,
Sai ranar da mazagin wandona ya ƙare,
Babu ko ɗan bakin da zan kama in ɗaure.

Da dare Tsahara ta kunna talabijin,
Wani shiri ne daga ƙasar da ban taɓa zuwa ba:
An tara masu ƙiba a gida ɗaya,
Ana daka musu tsawa suna jan tayar mota,
Suna kuka a kan sikeli mai fitilu,
Wanda ya fi zubewa shi zai kwashi kuɗi.
Ina kallo da ƙwaryar fura a cinya,
Ludayi na zuwa, ludayi na dawowa,
Har ina ba su shawara: "Kai ma daure mana!"
Tsahara ta dube ni, ta dubi ƙwaryar,
Ba ta ce uffan ba. Gara ma a ce ta yi magana.

Da asuba na ce ni ma namiji ne.
Na zagaya Filin Samji da gudu har sau biyu,
Na yi kwana uku ruwa kaɗai nake sha.
Ran na huɗu jiri ya kwashe ni a kan keke,
Allura ta ɗinke mini yatsa da rigar mutane.
Da la'asar na rama bashin kwana ukun,
Har da riba.

Bayan watanni suka koma gidan gwarzon,
Wanda aka yi wa tafi, aka ɗaga hannunsa.
Ga shi ya dawo yadda yake, har ya ɗara.
Amma wata da aka kora tun mako na uku,
Ba tafi, ba kyauta, ba mai tsawa a kanta,
Tafiya kawai take yi kullum da safe,
Ita ce rigarta ta yi mata yawa.
Nan aka ɗauke wuta.
Na zauna a duhu da sauro da tunani:
Mai ɗaukar hoto yana da ranar tafiya,
Tukunya ce ba ta zuwa ko'ina.

Sai na fara da shayin Kado.
Ƙwayar sukari shida ta koma huɗu, ta koma biyu,
Kado ya tambaya ko kasuwa ce ta yi baya.
Ɗan acaɓa na kira, ina ɗaga masa hannu,
Ƙafa ke kai ni shago, ƙafa ke maido ni.
Malmala uku ta zama ɗaya da kwaɗon zogale,
Kuma kafin isha'i na wanke hannu.
Tsire ban sake shi ba, ƙarya ba kyau,
Ran Juma'a kawai muke gaisawa.

Ba ni da sikeli mai fitilu.
Ƙarshen wata nakan je wurin Dikko mai hatsi,
In hau tsakanin buhun gero da na dawa.
Ya matsa ƙarfen, ya kanne ido ɗaya:
"Tela, tiya uku ka sauke tun damina."
Wani watan ya ce, "An yi biki ke nan?"
Na ce an yi. Washegari na kama hanyata.

Jiya na rage wandona da yatsa biyu.
Ba wanda ya ɗauka, ba wanda ya yi tafi.
Tsahara ta ɗaga shi, ta duba ɗinkin,
Ba ta ce uffan ba,
Ta dai rataye shi a gaba, inda zan gani.